Motar Sai-Baɗi Ba Ta Dawowa Wayam

A tashar 'yan a-kori-kura da ke bayan kasuwar katako, in ka tambayi direban shuɗiyar motar nan da ake ɗaure ƙofarta da waya, ba wanda zai faɗa maka sunansa na yanka. Sai-Baɗi kowa ke ce masa, har masu shayi da 'yan dako. Ya samo sunan ne tun shekarar da ya shigo birni yana saurayi, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai koma gida, sai ya ce sai baɗi in Allah ya kai mu. Baɗi ta zo ta zama bana, ta wuce ta zama bara, gemu ya fito ya yi furfura, amsar tana nan yadda take. Shi kuma bai taɓa jin haushin sunan ba, don a ganinsa gaskiya ake faɗa.

Sana'arsa kwasar kayan masu tashi daga gida, kuma a birni irin wannan mai ita ba ya zaman banza. Yau mai gida ya ƙara kuɗin haya, gobe hanya ta bi ta tsakiyar unguwa, jibi wani ya yi aure ɗaki ɗaya ya yi masa kaɗan. Kullum mutane na matsawa bakin gari, bakin garin kuma yana gudu yana barinsu a tsakiya. In Sai-Baɗi ya ɗauko mai kaya a gaban mota, ba ya rasa nuna masa wani gidan mai da ke tsakiyar cunkoso, ya ce lokacin da ya zo nan ne ƙarshen gari, daga nan sai gonaki da kiwo. Matasa sukan yi murmushi irin na an ji zancen tsoho. Ba ƙarya yake ba, yanzu daga gidan man sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ƙasar da ba a kafa mata bulo ba.

Yana da ƙa'idoji biyu da ya koya wurin ubangidansa, kuma ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya karya su. Ta farko ta lodi ce. Gado da kabad su ke fara shiga, a jingina su da kan mota. Madubi ya kwanta tsakanin katifu. Tabarma da buta da tukunya ɗaya su ne na ƙarshe, don su za a fara saukewa, tunda mutum in ya sauka a baƙon wuri abin da yake fara nema wurin zama ne da ruwa. Matan da ke son a cusa tabarma ƙarƙashin gado sun sha faɗa da shi a kan wannan, daga baya su gode masa. Ta biyu kuwa, mota ba ta dawowa wayam. In ya kai kaya bakin gari, sai ya jira ya samu ko da buhunan gawayi ne ko tsofaffin tayoyi ya dawo da su. Yakan ce inji bai san babu kaya ba, shan mai yake yi abinsa.

A gida, ɗaki biyu yake haya a wani dogon gida mai famfo ɗaya a tsakar gida. A nan aka kawo masa mai ɗakinsa amarya, a nan suka haifi 'ya'ya biyar, mai gidan ya rasu ɗansa ya gaje shi, su suna nan. Amma in ka shiga ɗakin Sai-Baɗi, bangon fes yake, babu ƙusa ko ɗaya. Rigunansa suna ninke cikin akwatin ƙarfe a gindin gado. Mai ɗakinsa ta yi magana har ta gaji, a ƙarshe ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa tana rataya nata. Hujjarsa ita ce baƙo ba ya kafa ƙusa a bangon mutane. Ita kuma takan ce ba ta taɓa ganin baƙon da ya aurar da 'ya'ya a masauki ba, har ya yi jikoki yana jiran a ce masa sannu da zuwa. Sai ya yi dariya ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Kada a ɗauka baki kawai yake yi. Gida yake ginawa a ƙauyensu, a filin da ya gada kusa da gidan yayansa, kuma birnin ne ya ba shi rabin kayan ginin. Duk inda aka yi rusau ko aka tashi aka bar tsohon ƙyaure, idonsa na kai. Ƙofar zaurensa koriya ce, ta shagon wani tela da gadar sama ta cinye. Ta ɗakin barci ta ƙarfe ce, daga gidan wata tsohuwa da 'ya'yanta suka sayar aka yi bene. Akwai taga mai gilashi shuɗi wadda ya lulluɓe da bargonsa tsawon tafiya, shi yana jin sanyi. Sau ɗaya ko biyu a shekara yakan cika motar da kwano da siminti da katako, ya kama hanya da asuba, kafin rana ta take ya isa. Yaya shi ke tsaye kan magini, shi ke riƙe da makulli. Yaya manomi ne, bai taɓa kwana uku a birni ba, kuma shi kaɗai ke kiran Sai-Baɗi da sunan gida, wato Auta.

To, ga inda ƙa'ida ta biyu ta shigo. Mutanen ƙauye sun gane cewa motar Auta ba ta komawa wayam. Tun zuwansa na farko da kayan gini ya tarar da maƙerin garin a bakin hanya da iyalinsa, an ɗaure zugazugi da uwar maƙera cikin buhu. Maƙerin ya ce fartanyar da ake kawo masa gyara ta yi ƙaranci, ƙaninsa kuma ya samo masa wurin walda a birni. Sai-Baɗi ya yi lodi da murna. Zuwa na gaba malamin makaranta ne, don an haɗe makarantarsu da ta wani gari saboda ƙarancin yara. Daga nan sai ɗan kawunsa, sai wata bazawara da ke bin ɗanta, sai masu kanti. Har ta kai in an ji labarin zuwansa, ana rige-rigen aika masa a kama wuri. Bai tsaya a ɗauka kawai ba. Shi ya san inda ɗaki yake da sauƙi, shi ya san wane mai gida ne mai haƙuri, shi ke kai mutum har ƙofa ya sauke masa tabarma da buta. Ana sa masa albarka, shi kuma yana jin daɗin ya zama mai amfani ga 'yan garinsu. Ranar da magini ya gama shafen bango na ƙarshe, ya wanke cokalin gininsa ya haye bayan motar shi ma, ya ce ai ba sauran mai gini a garin sai Auta.

Ni dai ban ga laifinsa ba. Ko bai ɗauke su ba wata motar za ta ɗauke su. Damina ta zama ba tabbas, gonar da uba ɗaya ya noma an raba ta tsakanin 'ya'ya, an sake rabawa tsakanin jikoki har ba ta ciyar da kowa, asibiti kuma sai an yi tafiyar da marar lafiya ba ya iyawa. Abin da kawai zan ce, mutum ne mai kallon abin da ke gabansa. In ya isa garin, daga mota sai gini. Ya sauke, ya auna, ya shafa bango, ya ci abinci da Yaya, ya yi sabon lodi ya juya. Shekara da shekaru bai taɓa zagaya garin da ƙafa ba.

Shekarar da suka aurar da autarsu, bayansa ya fara ciwo irin wanda shafa magani ba ya ji. Gini kuma ya kammala, har da rumfa. Ya je tasha ya ce wa abokan aikinsa bana ce. Suka kwashe da dariya, wani ya ce to sai a canza masa suna a koma Sai-Bana. Ya kira Yaya a waya ya faɗa masa ranar, ya ce wannan karon dawowa ce gaba ɗaya. Yaya ya yi 'yar dariya ya ce Allah ya kawo shi lafiya, kamar yadda ya saba cewa duk shekara.

Mai ɗakinsa ce ta ba shi mamaki. Ya shirya wa rigima, sai ta ƙi yi. Ta ce ya yi gaba da kayansa da gado ɗaya, ita za ta biyo baya in babbar 'yarsu ta sauka, don haihuwar ta kusa. Ita ta ninke masa riguna, ita ta zuba masa abinci a kwano ta ɗaure da tsumma. Da yana ɗaura igiya ta ƙarshe ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, in ka isa, kada ka sauke kaya tukuna. Ka fara duba garin."

"Garin da aka binne cibiyata zan duba? Ni da nake zuwa duk shekara?"

"Ginin kake zuwa dubawa," in ji ta. "Allah ya kiyaye hanya."

Bai ji daɗin maganar ba, ya tafi yana juya ta a ransa har ya bar kwalta. Wataƙila shi ya sa da ya shigo garin ya sassauta, ya sa giya ta ɗaya, yana kallon dama da hagu kamar mai neman gidan haya. Abin da ya fara lura da shi shi ne ba yaron da ya biyo motar a guje. A da sai ya yi ta danna oda kada ya taka wani. Rumfar maƙeri ta rufta, ciyawa ta fito a inda wuta take. Ya tuna yadda ya ɗaure zugazugin a gefen hagu. Makaranta ba ƙofa, awaki na kwance a aji, ya tuna kabad ɗin malamin mai ƙafa uku. Gidan ɗan kawunsa bango ɗaya ya rage. Duk kangon da ya wuce ya san kayan da suka fito daga cikinsa, ya san da wace igiya ya ɗaure su, ya san a wace unguwa ya sauke su. Wata tsohuwa ta ɗaga masa hannu daga gindin bishiya, ya ga hayaƙi a gida biyu ko uku, shi ke nan. 

Gidansa na tsaye ƙal a cikin kangayen, da koriyar ƙofarsa da tagarsa mai shuɗin gilashi. A ƙofar gidan da ke kusa, Yaya na zaune a kan akwatin ƙarfe, sanye da rigarsa ta fita. Gefensa akwai ƙunshin kaya, da fartanya, a sama kuma tabarma a naɗe da buta. An jera su daidai yadda Auta yake so.

Suka gaisa. Matar Yaya ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma Sai-Baɗi ya san idon Yaya ya fara rauni, amma bai san ya kai haka ba, don sai da ya yi magana sannan Yaya ya juyo da fuska daidai inda yake.

"Auta, ka sauke naka a hankali, ba sauri nake ba. Nawa ba su da yawa. Tun jiya na ɗaure, na san motarka ba ta komawa wayam."

"Yaya, ai ba komawa zan yi ba. Na faɗa maka a waya."

"Ka faɗa," in ji Yaya. "Bara ma ka faɗa."

Sai-Baɗi ya kama hannunsa ya kai shi bayan motar. Yaya ya laluba ƙarƙashin tamfol yana neman buhun siminti ko katako, sai hannunsa ya faɗa kan ƙafar gado, ya bi ya taɓa katifa, ya taɓa akwatin rigunan. Ya daɗe da hannunsa a kan akwatin.

"Ashe da gaske kake."

Suka koma inuwa, Yaya ya ba shi labarin da ba ya bayarwa a waya. Ɗansa mai gyaran firji ya daɗe yana roƙonsa ya koma birni a duba masa idon, yana ƙi. Ya ce ana cewa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, shi kuwa kullum safiya can yake wasansa, don ba mai ɗebo masa. Abin da ya karya masa zuciya shi ne rasuwar maƙwabcinsa a watan jiya. An rasa majiya ƙarfin da za su haƙa kabari, sai da aka aika wani gari, gawa na kwance ana jira har rana ta karkata. Tun ranar ya ce ba zai ɗora wa tsofaffin da suka rage irin wannan wahala ba. Ya faɗi duk wannan ba tare da ɗaga murya ba, yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafarsa.

Sannan ya miƙe ya nufi kayansa.

"Amma tunda ka zo zama, bari in kwance. Ka yi shekaru kana gina wa kanka wuri, ba zan bar ka ka kwana a cikinsa kai kaɗai ba. Mu zauna mu biyu, kai ka zama idona."

Ya durƙusa yana lalubar ƙullin igiyar. Ya bi ta nan, ya bi ta can, bai samu ba, ga shi ƙullin na nan a gabansa. Sai-Baɗi na tsaye yana kallon yatsun. Abin da ya yi shekara talatin da wani abu yana jira ke nan, a ce masa zo mu zauna, kuma ga shi an ce. Ya duba bayansa da ba ya iya ɗaga guga cike, ya duba doguwar hanyar da ke tsakaninsu da asibiti. Baƙin ciki ya cika shi irin wanda bai taɓa ji ba, har da kunya, don ya gane garin da ya dawo nema shi da kansa ya kwashe shi, lodi bayan lodi, yana murna.

"Bar shi, Yaya," ya ce. "Ɗaurin ya yi kyau, kada ka ɓata."

Yaya ya so ya yi gardama, Sai-Baɗi ya ce ai ƙa'ida ƙa'ida ce, ba a kansa za a fara karya ta ba. Amma kafin lodi ya hau bayan motar ya sauke tabarmarsa da butarsa, tunda su ne a sama. Ya karɓi makulli wurin Yaya ya buɗe koriyar ƙofa, ya shimfiɗa tabarmar a tsakiyar ɗakin da bai taɓa zama a cikinsa ba. Ɗakin na warin siminti, hasken tagar ya zubo shuɗi a ƙasa. Ya kwance tsumman abinci, sai ya tarar da cokali biyu, abincin kuma ya fi na mutum ɗaya nesa ba kusa ba. Ya kalli cokulan, ya miƙa wa Yaya ɗaya. Suna ci Yaya yana ba shi labarin yadda magini ya kusa kafa tagar a kife, suka yi dariya. Yaya ya ce gida ya yi, ko ba ya gani sosai ya san ya yi, don shi ya shafa kowane bango da hannunsa.

Da suka gama Sai-Baɗi ya naɗe tabarmar, ya ɗora akwatin Yaya kusa da nasa, fartanyar a gefe, tabarmi biyu da butoci biyu a sama. Ya ja ƙofa ya danna kwaɗo. Hannunsa ya miƙa makullin wajen Yaya don sabo, sai ya tuna Yaya na zaune a gaban mota. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana duba wanda zai bar wa. Tsohuwar nan ta gindin bishiya ta taso da sandarta, ya nufe ta da makullin, kafin ya buɗe baki ta riga shi. Tambayarsa take yaushe zai sake zuwa, don jikarta ta ce a kama mata wuri a motarsa. Ya sa makullin a aljihu, ya ce mata zai aiko.

Rana na gab da faɗuwa suka shiga birni, ta cikin sababbin unguwannin da ko suna ba a gama sa musu ba. Yaya yana jin hayaniya yana tambaya ko an iso, Sai-Baɗi yana cewa da saura. A wani lungu suka wuce shagon walda, maƙerin garinsu ya ɗago ya gane su, ya biyo motar yana kiran Yaya. Kafin su kai gida labari ya riga su ta waya.

Mai ɗakinsa na tsakar gida tana wanke-wanke. Ta ga motar cike kamar yadda ta tafi, har da ƙari, ba ta tambayi komai ba. Ta goge hannu ta durƙusa ta gaida Yaya, ta ce ɗakin yara a share yake, ya zauna nan kafin a je a duba idon, ɗansa ma ya ce yana tafe. Sai-Baɗi ya sauke tabarmi da butoci, sannan sauran. Ya mayar da gado inda yake, ƙafafunsa suka faɗa daidai cikin tabon da suka bari a ƙasa. Ya mayar da akwati gindin gadon.

Da ya zo cire riga sai ya ji nauyin makullin a aljihu. Ya fito da shi, ya duba kan taga, ya duba cikin akwati, bai ga inda ya dace ba. Ya fita ya ƙwanƙwasa wa kafintan da ke ɗakin ƙarshe, ya dawo da guduma da ƙusa ɗaya. Mai ɗakinsa ta ji bugun daga tsakar gida, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu. Shekara talatin tana ajiye da maganar da za ta faɗa masa a irin wannan rana, ga ta nan a bakinta, sai ta kalli bayansa ta haɗiye. Ya rataya makullin, ya ja da baya ya duba ko ƙusar ta kafu.

"Malam," ta ce, "tunda gudumar na hannunka, ƙara ɗaya a gefe. Rigarka ta gaji da akwati."

Ya koma wurin kafinta ya karɓo wata ƙusar.